Motar da Ba Ta Zazzaɓi Sai Hajja Ta Shiga

"Ina kwana, amaryata? Ashe har yau kina nan?"

"Ina nan daram, Maigida. In gumbar mutuwata ka zo sha, koma ka ƙara jira."

"A waali jam?" Ya sake gaishe ta da Fillanci, wai ko amsar za ta sauya.

"Jam. Da Hausa lafiya lau nake, da Fillanci ma haka. Saura ka gwada da Faransanci."

Haka Hajja Aminatu da jikanta Mahfuzu suke gaisawa kowace safiya a gidansu na unguwar Hausawa a Garwa, kuma duk ranar da ba a ji su ba, to ɗayansu ba shi da lafiya. Sunan marigayi mijinta aka raɗa wa yaron. Ita kuwa mace ce irin ta da, bakinta bai taɓa kama sunan miji ba, don haka tun yana cikin zanen goyo take ce masa Maigida. Yanzu ya yi gemu, yana da shagon kayan waya a babbar kasuwa, amma a wurinta har gobe shi ne ragon mijin da Allah ya jarrabe ta da shi.

Sai dai yau akwai magana a ƙarƙashin wasan. A ƙofar gida motar marigayi Alhaji ce tsaye, doguwa mai faɗin baya, wadda a zamaninta ta yi jigilar atamfa da goro tsakanin Mubi da Garwa har ta haddace ramukan hanyar. A rabon gado ta faɗo wa Hajja. Bara injinta ya buga, ta kwanta a gindin darbejiya, kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Baffa Abdelkerim, babban ɗan Hajja, ya kawo masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zagaya ta suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu tayin saniya. Nan hankalin Mahfuzu ya tashi. A kan cinyar kakansa ya fara riƙe sitiyarin motar nan, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki ya tsaya yana kallo a yanyanka ta a ɗora a sikeli ba. Ya roƙi Hajja ta ba shi lokaci. Ya nemo wani inji okaziyon, wato na hannu, daga ƙetaren iyaka, shi da abokinsa Cédric mai haɗa wayoyin mota suka dasa shi, har sabuwar rediyo ya ƙara mata don kwalliya.

Mota ta tashi garau, amma ta zo da wani hali da ya gagari kowa. In Mahfuzu ne shi kaɗai, sai ya je Lagdo ya sayo kifi ya dawo da tsakar rana, allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba. In Hajja ta shiga kuwa, ko biki za a kai ta nan Yelwa, kafin a isa tururi ya fara tsartuwa ta gaba. An wanke lagireto, an sake masa murfi, an fitar da iskar da ta maƙale a cikin ruwan, an duba fis. A garejin Cédric an bar ta a kunne tun hantsi har azahar, fanka tana ta juyawa, mota ko gezau. Ranar da ta tafasa da Hajja a tsakiyar gadar Binuwai, masu moto, wato babur, suna ta yi musu ham suna dariya, ranar tsohuwa ta yanke hukunci. Ta ce za ta Mayo-Ulo sunan jikar ƙanwarta Sadiƙa. In motar ta kai ta, ta ci gaba da zama a gida. In ba ta kai ta ba, Baffa ya kira mutanensa.

Yau ce ranar tafiyar. Mahfuzu ya zuba ruwa a jarkoki ya jera a baya, kusa da buhun shinkafa da turmin atamfa da Hajja za ta kai gudummawa. Ita kuma ta tsaya a gaban motar da sandarta tana leƙen injin, ta taɓe baki.

"Wai injin nan naka, ka tabbata ba na markaɗen gyaɗa ba ne suka yi masa fenti suka sayar maka?"

"Injin Turai ne, Hajja. Bai taɓa ganin rami ba sai da ya zo nan."

"Shi ya sa yake suma in ya ga ranar Garwa. Da ka haɗo masa da malafa."

"Ba rana ce ke sumar da shi ba, ke ce. Duk unguwa an shaida. Zafin bakinki ne yake bi ta kujera ya gangara cikin lagireto."

"Kakanka ya yi shekaru yana yawo da wannan bakin a motar nan, ko gumi ba ta taɓa yi ba. Amma fa lokacin namiji ne a kan sitiyari."

Mahfuzu ya ce ai shi ya sa marigayi ya riga ta tafiya, don ya huta. Ta ce ƙwarai, kuma shi ma in ya ci gaba da cin maiƙon soya da daddare zai bi shi, ta yi takaba ta biyu, ta auri direban babbar mota mai inji na gaskiya.

Ya tayar da mota yana jiran ta gama sallama da mutanen gida. Rediyo na ta kiɗa, fanka na ruri a gaba, allura na zaune lafiya. Da Hajja ta buɗe ƙofa ta yi bisimilla, sai ya yi abin da kowane ɗan gidan mutunci zai yi in babba ya shigo: ya kai hannu ya kashe rediyo. Ta gyara mayafi, ta ciro carbi, ta kafa masa dokar da ta saba, cewa ita ba buhun auduga ba ce, ya ja ta a hankali.

Suka bar gari. Watan Afrilu ne, irin ranar da kwalta take laushi a ƙarƙashin taya. Mahfuzu ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura. Har suka wuce Pitowa tana nan a tsakiya, ko da yake ta ɗan karkata, ya ce a ransa wataƙila idonsa ne. Gaba kaɗan suka tarar ana gyaran hanya, an karkatar da motoci ta wani burtali mai ramuka, ga manyan motocin auduga a gabansu suna tafiyar hawainiya. Nan allura ta fara hawa, ba ta ko jin kunya.

"Me kake ta kallo a nan ƙasa? Budurwa ce ta aiko maka saƙo?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa gumi ke ɗiga daga gemunka? Ni dai ina jin ƙamshin dahuwa. In ruwan ya tafasa ka faɗa min, da ganyen shayi a jakata."

"Hajja, don Allah ki rufe baki na ɗan lokaci mu gani ko za ta sauka."

Ta rufe bakin, ta kumbura kumatu kamar mai busa algaita, tana kallonsa ta gefen ido. Allura ba ta san an yi ba. Ta taɓa ja, wani siririn tururi ya leƙo ta gefen murfin inji. Mahfuzu ya taka birki. Ya gangara gefen hanya ya tsaya a inuwar wata tsamiya, ya kashe inji, ya zauna riƙe da sitiyari kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Hajja ta sauka ba gaggawa. Ta shimfiɗa dardumarta a gindin tsamiya, ta miƙe ƙafa, ta ciro goro da wayarta. Ta ce Allah ya jiƙan mota, ta yi zamaninta, bari ta kira Abdelkerim ya turo mata wadda za ta ƙarasa da ita, ya kuma sanar da masu ƙarafa inda za su zo su ɗauki kayansu.

"Ki ba ni lokaci, amarya. Har ki gama cin goron nan kawai."

"Goro ɗaya?"

"Da haƙoran da suka rage miki, ai ya kai ni la'asar."

Ta jefe shi da ɓawon tsamiya, amma ta ajiye wayar a cinya. Ya ɗaga murfin inji da tsumma, zafi ya bugi fuskarsa. Bai taɓa murfin lagireto ba, ya san wanda ya buɗe shi a wannan hali sai ya kwana a asibiti. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya dawo ya duba fanka. Tana tsaye cik. To ga dai abin da bai taɓa kamawa da idonsa ba, domin duk lokutan baya kashe komai yake yi ya ruga neman ruwa. Ya zare fis ya ɗaga shi sama, lafiyarsa ƙalau. Ya ƙwanƙwasa ɗan akwatin rele, wanda ke ba fanka wuta, ya girgiza wayoyinsa, ya busa, ya mayar. Fanka ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Ya koma ya faɗa kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje. Ya tuna yadda kakansa yake wanke motar nan da kansa ranar Juma'a, yana ba shi tsumma ya goge fitilu. Mahfuzu kuwa mutum ne da ba ya iya zama shiru da tunani. Bai ma san hannunsa ya je ba, sai kiɗa ya tashi a rediyo. A daidai lokacin wani ruri ya taso daga gaban mota.

Ya yi tsalle ya fita. Fanka ce take juyawa da ƙarfinta, har busassun ganyen tsamiya na manne wa lagireto. Ya bar ta ta yi aikinta, da lagireto ya ɗan huce ya ƙara ruwa, ya tayar da inji. Allura ta fara sauka kamar an roƙe ta.

"Hajja, zo ki ga ikon Allah. Kina fita ta warke."

"Ƙarya kake."

"Ga fanka nan tana rawa. Murna take kin sauka. Na faɗa miki, ba injin Turai ba ne mai laifi, tsohuwar Garwa ce."

Ta dogara sanda ta taso, ta leƙa ta ga fanka na juyawa, ta ce to bari ta shiga ta gani ko aljanun motar za su faɗa mata a gaban idonta. Ta buɗe ƙofa ta zauna. Mahfuzu ya zagayo ya shiga, hannunsa ya yi abin da ya saba, wuri ya yi tsit. Suka kasa kunne. Rurin gaba ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu.

Suka kalli juna. Wannan karon ko Hajja sai da ta ɗan sha jinin jikinta, ta tofa addu'a a tafin hannu ta shafa.

Mahfuzu dai ya yi makaranta, ba zai yarda da aljanu da rana tsaka ba. Ya ce lallai akwai wata waya da ta bi ta ƙarƙashin kujerarta, in an zauna sai nauyi ya danne ta wuta ta yanke. Ya sa ta fita, ya durƙusa ya leƙa, bai ga komai ba sai tsohon gashin kaza. Ya koma mazauninsa yana tunani, kiɗa ya dawo, fanka ta dawo. Ya kinkimo buhun shinkafa ya ɗora a kujerar. Fanka ko a jikinta.

"Kin gani? Buhun nan ya ninka ki nauyi, ke da iska mai ƙarfi za ta iya kai ki Mayo-Ulo kyauta. Ba nauyi ba ne, hali ne."

"To ka tafi da buhun. In kun isa ka ce wa Sadiƙa ga yayarta, ta yi fari ta yi ƙiba."

Ya zargi ƙofar, ya buɗe ya rufe, ya buga da ƙarfi, ba abin da ya canza. Ya ɗora jakarta a kujera, ya ɗora flas ɗin kunu, ya ɗora sandarta, har kwalbar turarenta ya karɓa ya ajiye, wai ko ƙamshin ne ke hawa wa injin kai. Hajja na tsaye a rana tana ba shi kayan ɗaya bayan ɗaya, tana cewa saura ɗankwali da haƙorin Makka, in yana so ta ciro masa. Ya ce ta bar haƙorin, shi kaɗai ne abin da zai gada. Duk wannan bidiri fanka na juyawa, mai kiɗa a rediyo na ta kiɗansa, Mahfuzu kuwa ya duba ko'ina a motar nan ban da hannunsa na dama.

Hajja ce ta gaji. Ta ce ya zauna a mazauninsa, za ta shiga da kaɗan-kaɗan, a ga daidai gaɓar da motar ba ta so. Ta ɗaga ƙafar dama ta sa a ciki. Ba fanka take saurare ba, shi take kallo, don ta raini yara da jikoki, ta san mai laifi ba ya rasa motsi. Kafin ta sa ɗaya ƙafar hannunsa ya tashi daga cinya ya nufi gaba. Ta cafke wuyan hannun, da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Ina za ka kai wannan?"

"Rediyo zan kashe."

"Wa ya aike ka?"

"Ai kin shigo."

"Bar ta."

Ta ƙarasa shiga, ta zauna sosai, ta ja ƙofa ta rufe, tana riƙe da hannunsa. Kiɗa na tashi. Fanka na ruri a gaba kamar ba a yi komai ba. Ta sake shi ta ce ya kashe. Ya kashe, ruri ya mutu. Ta ce ya kunna. Ya kunna, ruri ya dawo.

Mahfuzu ya dafe kai da hannu biyu. Yanzu komai ya dawo masa. A tsohon injin, bel ne ke juya fanka, in inji na aiki tana aiki. Sabon kuwa fankarsa ta lantarki ce, kuma a motar da aka ciro shi wata ƙwaƙwalwa ce take ba ta umarni, ƙwaƙwalwar da aka baro can inda aka baro sauran motar. Shi ya sa Cédric ya sa rele, ya ce a nemo masa wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli, fanka ta riƙa juyawa kawai, tunda a Garwa ba wanda ya taɓa kuka da sanyin inji. Mahfuzu da kansa ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari da ɗan ƙwan gwaji, ya taɓa wata shuɗiyar waya a bayan sabuwar rediyo, ƙwai ya kama, ya miƙa wa Cédric ita yana taƙama. Bai lura ba cewa rediyon na kunne a lokacin, kuma wannan waya ba ta da wuta sai rediyo na aiki. A gareji ba a kashe kiɗa. Shi kaɗai a hanya ba ya kashe kiɗa. Mutum ɗaya tak yake kashe wa rediyo a duniya, kuma ita ce mai sa shi tafiyar da ko iskar hanya ba ta isa ta shiga lagireto ba.

Ya yi mata bayani, murya ƙasa-ƙasa. Hajja ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, sannan ta gyara zama irin na wadda za ta daɗe tana magana.

"Wato wata da watanni ana yawo da ni a unguwa wai ina da zafin jini. Denise mai kifi har ta daina barina in tsaya kusa da ƙanƙararta."

"Ladabina ne ya jawo, Hajja."

"Ladabin da ke dafa inji. Kai da abokinka kun ɗaura wa fanka aure da rediyo ba waliyyi ba shaidu, sannan kuka ce ni ce mayya."

"Ban ce mayya ba. Na ce murhu."

"Allah ya isa tsakanina da makarantar da ta ba ka takarda. Da injin markaɗen ka sayo, da yanzu mun samu man gyaɗa."

Ya yi dariya har da hawaye, don ransa ya yi fari ƙal. Ciwon da aka gano ai ya zo da sauƙi. Ya ce in sun koma Cédric zai cire wayar ya kai ta layin makulli, ya sa sondi a bututun ruwa, wato ɗan abin da ke jin zafi, fanka ta riƙa tashi da kanta in inji ya yi zafi, ta tsaya in ya huce. Yau dai dole rediyo ta zauna a kunne har Mayo-Ulo. Amma kada ta damu, zai rage muryar gaba ɗaya, wuta na zuwa, ita kuma ba za ta ji komai ba, ta ja carbinta cikin natsuwa. Ya kai hannu ya murɗa, kiɗa ya yi ƙasa har ya ɓace.

"Wa ya ce maka ba na son ji?"

Ya juyo. Ba shi take kallo ba, gilashin gaba take kallo, inda wani tsohon tsagu ya ratsa tun zamanin marigayi.

"Tun da kakanka ya rasu, duk motar da na shiga sai a kashe rediyo, kamar gawa aka shigo da ita. Ba wanda ya taɓa tambayata. Shi kuwa tun daga ƙofar gida yake kunnawa har Mubi, yana bin waƙa da muryar nan tasa mai korar awaki. In na ce ya kashe, sai ya ƙara. A zamaninsa sau ɗaya na taɓa shiga motar nan shiru, ranar da muka dawo da gawarsa daga asibiti."

Ta juya carbin a hannunta.

"Kai kana zaton tururi ne ya sa na ce a sayar? Ina ruwana da tururi, ni da na tsufa a gindin murhu. Shirun ne ba na iyawa. In na zauna a kujerar nan ba kiɗa, ranar nan ce take dawo min."

 Kunya ta kama Mahfuzu, tausayi ya kama shi, ya ga duk watannin nan da yake ganin yana girmama ta ashe mayar da ita yake cikin ranar da ta fi kowace ɗaci a rayuwarta. Idonsa ya cika. Hajja ta waigo ta gan shi, ta ɗaure fuska.

"In kuka za ka yi, fita ka yi shi a cikin lagireto, shi ke neman ruwa. Ƙara min murya mu tafi."

Ya ƙara. Ta ce ita ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa. Ya ƙara har ƙofofi na karkarwa. Suka hau hanya, ana shirin gaishe-gaishe, mai gabatarwa na jero sunayen mutanen Figil da Gidar da Fillanci, tsakani ana sako kiɗan garaya. Allura ta koma tsakiya ta zauna kamar an kafa ta da ƙusa. Suka bi bayan motocin auduga a hankali, suka hau tudu suka gangara, ba ta motsa ba. Wajen garin Gidar, Mahfuzu ya saci kallo ya ga yatsun Hajja na buga gwiwa, carbi na rataye a wuyan hannu yana lilo. Ya buɗe baki ya kama waƙar da iyakar muryarsa. Ta toshe kunne ɗaya ta ce lallai ba suna kaɗai ya gada ba, har da masifar. Ta ce ya yi shiru. Ya ƙara ɗaga murya.

Rana ta yi sanyi suka shiga Mayo-Ulo, duwatsu sun yi inuwa a kan gari. A ƙofar gidan Sadiƙa mata na ta shige da fice da kwanuka, duk suka tsaya suna kallon tsohuwar mota mai kiɗa kamar ta 'yan kai amarya, da Hajja Aminatu a gaba ta sha kunu wai ita ba ruwanta. Kafin ta sauka wayarta ta yi ƙara. Baffa Abdelkerim ne, yana tambaya a ina suka lalace, ya turo mota.

"Muna ƙofar gidan Sadiƙa," in ji ta. "Ka ce wa masu ƙarafanka motar ba ta sayarwa ba ce. In tsohon kaya suke so a banza, ga direban nan, sai dai ba shi da nauyi a sikeli, kansa ba komai a ciki."

Ta kashe waya. Ta jawo haɓar zaninta ta kwance wani ƙulli da ya daɗe bai ga rana ba. Makulli ne, ɗan'uwan wanda ke jikin motar, a ɗaure da tsohuwar igiyar fata da ta yi baƙi don shan hannu. Mahfuzu ya gane shi nan take, shi ne wanda kakansa yake ratayawa a aljihun gaba. Tun rasuwar ba wanda ya sake ganinsa.

"Ungo. Na gaji da ɗaukar nauyinsa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya yi godiya irin ta mutane, amma ya san ba za ta bari ba.

"Wato kin yarda na ci, amarya?"

"Motar ce ta ci. Kai ban ga abin da ka yi ba ban da ɗora buhu a kujerata."

Ta buɗe ƙofa, ta dogara sanda ta sauka, mata suka taho da guɗa za su tarye ta. Har ta yi taku biyu sai ta dawo ta sunkuyo ta taga.

"Ku je kai da Cédric ku raba fanka da rediyo, wannan ku ta shafa. Amma duk ranar da na shigo motar nan ka kai hannu ka kashe min kiɗa, Maigida, a bakin aurenmu."

Mahfuzu ya kwashe da dariya, ya ɗaga hannayensa biyu sama ya nuna mata ya janye su. Ta shige gida tana gyara mayafi, shi kuma ya bar rediyon a kunne har sai da ta ɓace a cikin zaure.